Talata ta Huɗu a Ƙoramar La Muda

Don Baudilio Osorio ba ya shan komai a kofi sai ya ɗauraye shi sau uku. Ko da matarsa, Doña Monsita, ta wanke shi tas ta goge ta ajiye masa a gaba, sai ya tashi ya je bakin famfo, ya tari ruwa kaɗan, ya juya, ya zubar. Sau uku. Sannan ya dawo ya miƙa a zuba masa gahawa.

"Shekara arba'in ina wanke maka kwanuka, har yau ban ci jarrabawa ba," in ji ta.

"Ba ke ba ce, Monsi. Hannun ne ya saba."

Gaskiya ya faɗa. Aikinsa ne ya koya wa hannun. A saman unguwarmu ta Yagrumal, cikin duwatsun gabashin Puerto Rico, akwai tashar masu binciken daji. Da adda ya fara aiki a can yana saurayi, yana sare musu hanya. Wani tsohon malami a cikinsu ya lura cewa mutumin nan ba ya gaggawa, kuma in an nuna masa abu sau ɗaya, haka zai yi shi har abada. Sai ya ba shi jaka da kwalabe. Daga ranar, kowace Talata, Baudilio yana zaga ƙoramu shida yana ɗebo ruwansu, a kai ɗakin gwaji a ga abin da ke narke a ciki.

Aikin yana da ƙa'ida. Mutum ya shiga ruwa ya fuskanci inda yake gangarowa, don kada abin da ƙafarsa ta tayar ya shiga kwalba. Kowace ƙorama kwalba biyu take ci. Mai farin murfi a ɗauraye ta sau uku da ruwan ƙoramar, a zubar ta baya, sannan a cika. Mai jan murfi kuwa ba a ɗauraye ta, domin tun daga ɗakin gwaji ake ɗiga mata asid kaɗan, shi ke hana ƙarafan da ke cikin ruwa mannewa a jikin roba kafin a auna su. A rubuta suna da rana da lokaci, a saka a kula mai ƙanƙara. Shi ke nan. Bai wuce aji shida ba a makaranta, amma rubutunsa a jikin kwalba ko makaho-makaho zai karanta.

A hankali ya san ruwa kamar yadda ake sanin maƙwabci. Ya san cewa gishirin da ke cikin ƙoramar dutse daga teku yake, gajimare ne ke ɗauko shi ya kawo. Ya san cewa a watannin Fabrairu da Maris, in sama ta ja baya, ruwan daga ƙarƙashin duwatsu yake tsattsafowa, yana da nauyi a harshe, ɗanɗanon dutse. Bayan mamako kuma sai ya koma salam. Ya kuma san sunan wani abu guda, nitret, wanda ke cikin takin zamani da fitsarin dabbobi. Daji yana rowarsa ƙwarai, saiwoyi ba sa barin ya wuce. In ya yi yawa a ƙorama, to ko dajin ya ji ciwo, ko wani yana zuba abin da bai kamata ba.

Ɗaya daga cikin ƙoramun shida ita ce La Muda, kuma ita muke sha. Bututun gwamnati bai taɓa hawowa Yagrumal ba. Iyayenmu ne suka yi 'yar madatsa da tanki, kwamitin unguwa ke kula da su. Tsakanin inda Baudilio ke ɗibar ruwa a sama da madatsar a ƙasa, akwai gonar Gumersindo Pizarro.

Gume shi ya riƙe Zoraida, 'yar Baudilio, ranar baftismarta, don haka kompai suke kiran juna, kamar yadda ake yi tsakanin uba da wanda ya tsaya wa ɗansa. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaton murya. Aladu yake kiwo, ba su taɓa wuce goma sha biyu ba, kuma babu Kirsimetin da aka yi a unguwar nan ba shi ya juya nama a kan garwashi ba. Yana da wata ƙatuwar uwar aladu da ya raɗa wa suna Sanata, wai don ci da barci kawai ta iya, kuma ba a iya tsige ta. Garken yana nesa da bakin ruwa. Ramin da ƙazantar ke gangarawa ciki, shi da Baudilio suka haƙa shi, kwana huɗu suna yi.

Duk Lahadi da la'asar suna buga wasan domino a barandar Gume.

"Kompai, yau ruwa me ya ce maka?"

"Ya ce in gaishe ka."

"Shekara nawa kana kai wa mutanen nan ruwa a kwalba? Har yanzu ba su gano cewa jiƙa yake yi ba?"

"Buga wasanka, mai warin hayaƙi."

"Ni ko warina ana ci. Kai naka aikin wa ya taɓa ƙoshi da shi?"

Haka suka yi ta yi har gashin kansu ya yi fari.

A shekara ta ashirin da tara da fara aikinsa, babbar guguwa ta zo a watan Satumba. Ba sai an tsaya bayaninta ba. Dajin ya wayi gari ba ganye ko ɗaya, kamar an ƙone shi ba da wuta ba. Hanya ta tsinke wuri uku. Lantarki ya tafi, bai dawo ba sai bayan wata bakwai. Talatar da ta biyo baya Baudilio ya ɗauki jakarsa ya bi ta kan kututture da zaftarewar ƙasa, ya zaga ƙoramu shidan, ya dawo da yamma gwiwoyinsa duk jini. Dakta Idalia Santana, wadda ke riƙe da tashar a lokacin, ita ta karɓi kwalaben a ƙofa. Ita kanta kullum tana kan neman man injin ba da wuta don kada firizar da ke riƙe da samfura ta mutu.

A Oktoba gudawa ta shiga unguwa. Yara da yawa suka kwanta. Doña Tomasa, tsohuwar da ke gidan farko bayan tanki, ta yi kwana shida ta rasu. Bututu ya fashe a wurare da dama, maganin da ake zubawa a tanki ya ƙare tun makon farko, gawar dabbobi tana ko'ina. Amma mutane sun gaji, kuma gajiyayye yana son abin da zai nuna da yatsa. Ido ya koma kan garken Gume.

Doña Herminia, shugabar kwamitin ruwa, ta hau tasha ta roƙi Dakta a gwada ruwan madatsa a kwatanta da na sama. Dakta ta yarda. Ta ce wa Baudilio ya ƙara kwalba ɗaya a zagayensa, mako huɗu a jere.

Kwalabe masu farin murfi a ƙidaye suke a lokacin. Sababbi ba su zuwa, na hannu duk an cika su suna firiza, shida kawai ake samu kowane mako da ƙyar. Masu jan murfi kuwa kwali guda ne a sito, an dakatar da gwajin ƙarafa. Baudilio ya tsaya gaban kwalin. Ta taga yana hango Dakta ta sunkuya kan inji, hannunta duk baƙin mai. Bai ga dalilin damunta ba. Ya ɗauki ɗaya, ya zubar da ɗigon asid ɗin, ya nemo farin murfi a aljihun tebur ya sauya mata don kada a ruɗe. A madatsa ya ɗauraye ta sau uku, da kyau, ya cika. A saninsa babu abin da ɗauraya uku ba ta fitarwa. Haka ya yi Talata huɗu.

Sakamako ya dawo a Janairu daga wani ɗakin gwaji a ƙetare. Nitret ya ƙaru a dukkan ƙoramu, abin da aka sa rai ke nan tunda ganyen daji duk ya zube yana ruɓewa. Amma na madatsa ya ninka na sama sau ashirin. Dakta ta rubuta a ƙasan takardar cewa samfuri huɗu ba su isa yanke hukunci ba, kuma ba nitret ke kawo gudawa ba, alama ce kawai da ke bukatar ƙarin bincike.

A filin ƙwallon kwando aka yi taro, rufinsa yana kwance a gefe. Doña Herminia ta karanta lambobin, ta karanta gargaɗin Dakta ma, amma hayaniya ta riga ta tashi.

"Sau ashirin! Fitsarin alade muke ba 'ya'yanmu!"

"Tun yaushe nake faɗa?"

Gume ya miƙe, fuskarsa ta yi ja. "Ku saurara min! Ramina yana nan, ku je ku duba. Guguwa ba ta taɓa shi ba. Wace takarda ce wannan? Wa ma ya ɗebo ruwan?"

"Don Baudilio," in ji Herminia.

Gume ya juya ya nemo amininsa a cikin mutane. "Kai ka ɗebo, kompai?"

"Ni ne."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

 Gume ya cire hularsa. "To, magana ta ƙare. In kwalbar Baudilio ce ta faɗa, haka ne. Ku yafe ni." Ya fita ta tsakiyar mutane, babu wanda ya tare shi.

A ranar, Baudilio ya yi baƙin ciki, amma zuciyarsa ba ta tuhume shi da komai ba. Shi ma ya yarda da kwalbar.

A Fabrairu Gume ya yanka aladunsa, ba biki ba komai, ya bi gida-gida da nama. Wasu suka karɓa. Wasu suka ce sun gode, sun ƙoshi. Sanata kuwa, ya ba da ita ga wani mutumin wani gari, ya ƙi tsayawa ya ga an saka ta a mota. A kanti in ya shiga sai hira ta tsaya. A Afrilu ɗansa ya aiko masa da tikiti, ya tafi birnin Orlando, can ƙetare, kamar yadda mutane da yawa suka tafi a shekarar. Ya ba Baudilio makullin gida.

"Ka riƙa buɗe taga, kada ya yi wari. Ko da yake kun ce warin nawa ne."

Kafin nan sababbin kwalabe sun iso. Aka ci gaba da gwada ruwan madatsa, ya fito daidai da na sama. Kowa ya ce, kun gani, aladu sun tafi ruwa ya gyaru.

Wata Talata a watan Yuni, ya kawo kula yana jera kwalabe, Dakta ta kira shi. Takardu ne baje a gabanta.

"Don Baudilio, zauna minti biyu. Samfuran nan huɗu na madatsa sun hana ni sukuni. Sauran sakamakonsu ya zo."

Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa.

"Fitsarin dabba ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da gishiri, da kanwa, da wasu tarkace. In nitret ya tashi, su ma sai su tashi. A nan kuwa babu abin da ya motsa sai shi. Kamar baƙo ya zo daga nesa ba jaka ba takalmi." Ta cire tabarau ta murza ido. "Sau ɗaya na taɓa ganin irin haka. Wata ɗaliba ta zuba samfuri a kwalba mai jan murfi. Asid ɗin nan ai da nitret ɗin ake yin sa. Roba tana shan sa, ka ɗauraye har ka gaji, zai ci gaba da fitowa. Na san kai ba sai an tambaye ka ba, amma don in cire abin a raina: waɗanne kwalabe ka yi amfani da su?"

A bayan kanta, jikin bango, akwai doguwar takarda da aka manna guntu-guntu. Layi ne mai hawa da sauka, ruwan La Muda tun daga Talatar farko da ya ɗebo. Ɗalibai daga ƙasashen da bai san sunansu ba sun tsaya gaban layin nan an nuna musu shi, an ce ga mutumin. Kwalba sama da dubu goma sha takwas. Ya ga kamar in an ɗaga ɗaya aka ce ba a yarda da ita ba, sauran duk za su bi ta.

"Masu farin murfi, Dakta."

Ta dube shi kaɗan, ta gyaɗa kai. "Haka na zata. To, ya zama abin da ban gane ba." Ta tattara takardun.

Ya sauko gida a ƙafa, ya bar motar da ke rage masa hanya ta wuce. Monsita ta zuba masa shinkafa da wake da soyayyar agada. Ya ci cokali uku ya ce zafi ne ya hana shi.

Da ya cika shekara talatin aka yi masa walima a tasha, aka ba shi allon katako da sunansa. Ya ajiye aiki. Allon bai hau bango ba, Monsita ta same shi a bayan kabad ta mayar da shi falo, ya sake komawa bayan kabad, ta ƙyale. Abin da ya tsira da shi sabo shi ne gonar Gume. Duk wata yana zuwa da adda ya sare ciyawa, ya buɗe tagogi, ya gyara katakon garken da babu komai a ciki. Mutane suka ce, kai, aminci ke nan. In sun faɗa a gabansa sai ya duba ƙasa.

Shekara huɗu suka wuce. Duk Lahadi da la'asar, lokacin domino, waya takan yi ƙara.

"Mai kwalba! Kana raye?"

"Ina nan, mai hayaƙi. Yaya ƙasar masu kuɗi?"

"Ina zaune a bene na uku ina ƙirga motoci. Ruwansu warin ruɓaɓɓen ƙwai yake, kompai. Ka zo da jakarka, a nan ne aiki yake."

Wata Lahadi muryar Gume ta zo a shaƙe. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ƙafafu sun cika da ruwa. Ya yi wasa da abin kamar yadda ya saba, wai duk ruwan da ya ɓata ne ya biyo shi. Sannan ya daina wasan.

"Na gaya wa yara a nan za su binne ni."

"Wace irin magana ce wannan? Ga wurinka kusa da Lela." Lela matarsa ce, ta daɗe da rasuwa.

"Layi biyu tsakanin Lela da Tomasa. Da wane ido zan kwanta a can? Ita ta ba ni alawar kwakwa ina yaro, ni na ba ta abin da na ba ta. Na faɗa wa fada, limamin coci, sau uku, ya ce an yafe. Shi ya ce. Ni ban ji ba."

Baudilio ya riƙe wayar da hannu biyu. "Kompai. In kuma kwalbar ce ta yi kuskure fa? In ni ne na..."

Dariya ta ɓarke a ɗaya ɓangaren har ta koma tari. "Kai? Mutumin da in an bar shi zai ɗauraye kofin coci sau uku a gaban fada? Haba, kompai. Kada ka fara min ƙaryar tausayi, ba ka iya ba. Takarda ce ta kama ni. Duk ranar da takarda ta sake ni, ka kira ni."

Washegari ya hau tasha a lokacin da ya san Dakta tana birni. Ya roƙi matar da ta gaje shi kwalabe takwas, huɗu farare huɗu ja, ya ce wani ɗan abu yake so ya gani. Ba ta tambaye shi ba, wa zai tambayi Don Baudilio. Shirinsa mai sauƙi ne. Ya je madatsa ya cika biyu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya: farar asali, da ja wadda ya zubar da asid ɗinta ya ɗauraye sau uku kamar yadda ya yi a wancan lokacin. In aka auna, bambancin zai yi magana. Sai ya kai wa Dakta da wasiƙa, ta rubuta takarda da hatimi, a aika Orlando, a kuma karanta a filin ƙwallo.

Talatar farko ya cika biyu ya kawo gida, ya tura su can ƙasan firiza. Bai hau tasha ba. Ya ce wa kansa sau huɗu aka yi kuskuren, sau huɗu ya kamata a gyara shi.

A mako na biyu Monsita tana neman kaza ta ci karo da su. Ta fito da ɗaya tana karanta rubutun.

"Mene ne wannan a cikin abincina? Ba ka ajiye aikin ba?"

Ya gaya mata. Bai yi dogon bayani ba, jimla biyar ko shida, idonsa a kan tebur. Ta mayar da kwalbar ta rufe firiza a hankali, ta zauna.

"Shekara huɗu," ta ce. "Kana kwana kusa da ni."



"Na ɗauka ciwo ne kake ɓoye min. Har na tambayi Zoraida ko ta san wani likita." Ta goge hannu a jikin riga. "Guda biyun nan na farko ba su isa su nuna ba?"

"Dakta da kanta ta ce huɗu ma ba su isa ba."

"Dakta ce ta ce, ko kai ne ka ce? Baudilio, mutumin nan ƙafafunsa sun kumbura. Ka ɗauka ka kai gobe."

"Saura Talata biyu, Monsi. In zan tsaya gabanta, in tsaya da aiki cikakke. Kada ta ce wannan ma na yi shi rabi."

"Ba aikin kake tsoro ba, matakalar ofishinta kake tsoro."

Ya tashi ya ɗauki adda ya fita.

Talata ta uku an yi ruwa da safe, duk da haka ya je. Ya daɗe a madatsa bayan ya cika kwalaben. Dajin ya rufe kamar ba a taɓa yi masa komai ba, jatan lande suna yawo a kan takalmansa. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kurɓa. Ɗanɗanon da ya sani ne tun yana yaro.

Ran Lahadi Gume ya kira, bai yi minti uku ba numfashi ya gaza masa.

"Ka ɗan jira ni, kompai," in ji Baudilio. "Akwai abin da nake haɗa maka."

"In ba nama ba ne, riƙe abinka."

Ran Litinin da hantsi ya zauna ya fara wasiƙar. Ya rubuta gaisuwa, ya rubuta kwanan watan Talata huɗun nan na bayan guguwa, ya rubuta yadda kwalabe suka yi ƙaranci. Ya kai inda ya ce, "Ranar da kika tambaye ni a watan Yuni," ya ajiye biro. Ya ce gobe in ya dawo daga madatsa zai ƙarasa. Ya ɗauko kwalabe biyun da suka rage ya rubuta musu kwanan watan gobe, ya saka a jaka, ya rataye a ƙusa.

Da safe ya ɗauraye kofinsa, ya sha gahawa, ya zauna a matakalar baranda zai saka takalman roba. Monsita ta fito da ragowar burodi don kaji ta same shi jingine da ginshiƙi, ƙafa ɗaya a cikin takalmi, rai ya yi halinsa.

Bayan kwana tara na addu'a, ta zuba ƙanƙara a kula, ta jera kwalabe shida, ta ɗora wasiƙar a sama, ta hau tasha. Dakta ta karanta a tsaye. Ta kai ƙarshen rubutun ta juya takardar ko akwai saura a baya.

"Biyu ma sun isa, Doña Monsita," ta ce. 

Monsita ta kira Orlando a ranar ta faɗa wa Gume duk abin da ta sani. Ya saurara har ta gama.

"Komadre, matar kompai, har da ke? Allah ya ji ƙansa, har ya mutu yana neman ya wanke ni. To, bari takardar ta zo mu gani."

Sai da aka aika samfuran ƙetare. Mako bakwai suka yi. Takardar ta zo da hatimi, ta faɗi abin da Baudilio ya san za ta faɗa. Gume ya rasu kwana tara kafin nan, an binne shi a can, a wata maƙabarta kusa da babbar hanya. Mai son lissafin makonni yana iya yi: da tun Talatar farko aka kai kwalaben, da takardar ta same shi da rai.

Doña Herminia ta karanta takardar a filin ƙwallo. Mutum goma sha ɗaya suka zo. Da ta gama, wani ya tambaya ko za a tattauna batun sabon bututu.

Jakar tana nan a ƙusarta a baranda. Zoraida ta so ta mayar wa tasha kwalabe biyun, uwarta ta ce a bar su. Ɗaya fara, ɗaya ja, babu komai a ciki, da kwanan watan Talatar a jikinsu cikin rubutun da kowa ke iya karantawa.